Kotun ƙoli ba ta ƙirga yawan magoya baya

Akwai wani bawan Allah a garin nan na Maraɗi, tun ranar da alƙali ya yanke hukunci kan filin nan na wajen Ali Ɗan Sofo bai bar fada ko ɗaya ba. Da ya zauna, kafin a sauke shayin farko ya fara: "Ai sai mun kai Yamai! Duk unguwa tana bayana." Mutane suna gyaɗa kai, shi kuwa gani yake sun gamsu. Kofinsu suke jira, Alhaji.

Tun da ka ce unguwa, bari mu leƙa maƙwabtanmu na Zamfara. A zaɓen 2019 jam'iyyar APC ta lashe kujerar gwamna da ƙuri'a sama da dubu 500, Bello Matawalle na PDP bai kai dubu 200 ba. Babbar kotun jiha a Gusau ta riga ta ce APC ta yi zaɓen fid da gwani, suka yi ta murna. Kotun ɗaukaka ƙara ta Sakkwato ta soke wannan hukunci. Suka garzaya Abuja. Ranar 24 ga Mayu, saura kwana 5 a rantsar da gwamna, kotun ƙoli ta kori ƙararsu, ta ce ba a yi fid da gwani bisa ƙa'ida ba, don haka ƙuri'un nan duka sun tafi a banza. Gwamna, sanatoci, 'yan majalisa, kowa ya ninke babbar rigarsa ya mayar cikin adaka. Suka koma a 2020 wai a sake dubawa, aka sake sallamarsu.

Waɗannan fa masu jiha guda ne a hannu. Kai kuwa me ka riƙe? Babu takardar saye, babu sa hannun mai unguwa, sai "kakana ya taɓa ɗaure jaki a wurin." Kuma da lauyan naka yana tsoron Allah, da ya gaya maka can sama ba a sake kiran shaidu, duba ake ko ƙananan kotuna sun bi doka. Amma ina zai faɗa, jikunanka na shiga aljihunsa.

Af, shaidun nan biyu da aka yi wa alkawarin buhun hatsi, ɗaya ya zo shagona jiya yana tambaya ko ni zan cika masa.