Matasan Katsina, mu daina laƙa wa mamatanmu fatalwa

'Yan uwana, wata ɗabi'a ta yi mana yawa a majalisa da WhatsApp. Mutum ya rasu, ko sadakar bakwai ba a yi ba, sai ka ji wai an gan shi da tsakar dare a bakin lungu cikin likkafani, ƙafarsa ba ta taɓa ƙasa. Wani ya ce ai an gan shi yana ciniki a kasuwar wani gari. In ka nemi wanda ya gani da idonsa, sai a ce abokin wane ne ya faɗa.

Dukkanmu mun ji labarin fatalwa a bakin kakanni bayan isha'i, galibi don a hana yara yawon dare. Amma su ba sa kama suna. Mu kuwa har hoton ƙofar gidan mamacin muke yaɗawa. Ka tuna matarsa na cikin takaba. Gobe ɗansa zai je makarantar allo, yara su janye jiki daga kusa da shi, suna raɗa cewa babansa na fitowa. Ɗakin da za a ba da haya marayu su ci abinci ya zauna a garƙame, kowa na tsoron shiga. Wallahi wannan zalunci ne, kuma za a tambaye mu.

Addini bai bar mu cikin duhu ba. A Suratul Mu'minun, aya ta 99 da 100, wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya, aka ce a'a, akwai barzahu har ranar tashi. Larabawan jahiliyya sun ɗauka ran wanda aka kashe yana zama mujiya, Annabi (SAW) ya ƙaryata hakan a hadisin da Bukhari da Muslim suka ruwaito. Aljani gaskiya ne, maganinsa Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi. Wanda aka binne kuwa yana can da aikinsa.

In da gaske mamatan ne a ranku, ku leƙa makabarta bayan ruwan Agusta, ko Ɗan Marna inda aka kai marigayi Umaru Musa 'Yar'aduwa a 2010, ko ta unguwarku. Damina kan rufta kabari, ciyawa ta rufe hanya. Ku haɗa gayya ranar Asabar da safe, da shebur da kwandon ƙasa, ku yi musu sallama da addu'a. In kun fito, ku biya gidan marayun ku tambaya ko akwai bashin da ya rage a kan mamacin.