Katin darakta ba ya biyan haraji

Wallahi na so in yi shiru kan abin da ya faru ranar Asabar a walimar sunan nan ta Mancesta a Ingila, amma abin ya ƙi barin raina. Waɗanda suke wurin sun gani. Yaro ya samu kwantiragin wata shida na aikin kwamfuta, ya shiga ta kamfanin lema (umbrella company, wato kamfanin da ke ɗaukar ɗan kwantiragi a matsayin ma'aikacinsa, ya cire haraji ya biya shi albashi), sai manya suka yi masa ca kamar an kama shi da kazar maƙwabta. Wai ya zubar da girma, wai namiji nasa kamfanin yake buɗewa. Wani har da zaro kati mai rubutun darakta. To sannu, ranka ya daɗe. Daraktan da shi ne shugaba, shi ne masinja, ofis kuma teburin kicin.

Ku ji ni da kyau: ba kai ke zaɓa ba, kwantiragin ke zaɓa maka. Tun Afrilun 2021, in wanda za ka yi wa aiki babban kamfani ne ko matsakaici, shi ke yanke ko aikin ya faɗa cikin IR35 ko yana waje; IR35 dokar harajin Birtaniya ce da ke duba ko ɗan kwantiragi a zahiri ma'aikaci ne. A ɓangaren gwamnati ma tun 2017 ake haka, ku tambayi 'yan'uwanmu masu aikin jinya ta ejansi. In an ce kana ciki, harajin ma'aikaci za a zare tun kuɗin bai iso hannunka ba, ko kamfani goma ka yi wa rajista. Sai ka ɗora kuɗin akanta duk wata, da inshora, da takardun ƙarshen shekara. Ribar me ka ci? Katin?

Na san za a ce ai lema ma tana ci. Tana ci mana, wa ya ce sadaka suke yi? Suna ɗaukar ladansu duk mako, kuma kashi 15 na harajin inshorar ƙasa (National Insurance) da ke kan mai ɗaukar aiki tun Afrilun 2025, daga kuɗin kwantiragin yake fita. Ranar da na fara ganin takardar albashina sai da na zauna. Amma in kana cikin IR35, wannan kuɗin ba ya ɓacewa don ka buɗe kamfani, ta wata ƙofar za a cire shi.

Sai masu cewa "ai mu a zamaninmu". Alhaji, zamaninku ya wuce. A 2016 fam 5,000 na rabon riba kake ɗauka babu haraji, yau fam 500 ne. Harajin kamfani da yake kashi 19 yanzu yana hawa har 25 in riba ta yi yawa. A Satumban 2022 ministan kuɗi na lokacin, Kwasi Kwarteng, ya ce zai soke gyaran nan na IR35, aka yi ta murna a guruf, wata bai cika ba magajinsa Jeremy Hunt ya mayar da shi inda yake. Wasu har yau ba su samu labari ba.

In kwantiraginka a waje yake, kuma za ka daɗe kana irinsa, buɗe kamfaninka, ni ma na yi. Amma takardar hukuncin IR35 ta kwantiraginka za ka fara karantawa, ba fuskar masu kati ba.

Kai kuma ƙanena, in kana karantawa, ba ka yi laifin komai ba. Abu ɗaya nake roƙonka don Allah: duk lemar da ta ce za ka tafi gida da kashi 85 na kuɗinka, gudu. Irin dabarar biyan albashi da sunan bashi ce ta jefa mutane a masifa a 2019, hukumar haraji ta HMRC ta bi su da harajin shekaru, kamfanonin kuwa sun yi layar zana. Kai za a nema, ba su ba. Mu da ke lallaɓa takardun zama, rigimar haraji ba tamu ba ce.

Af, tunda ana maganar lema, wanda ya tafi da tawa daga bakin ƙofar zauren walimar ya taimaka ya dawo da ita. Baƙa ce, mai mariƙin katako. A jiƙe na isa tashar bas, kuma kun san ruwan garin nan ba ya jin roƙo.