Adashen ruwan ƙarƙashin ƙasa: kowa na kwasa, babu mai zubi

A gidan da na tashi a cikin birnin Kano akwai rijiya a tsakar gida, kusa da madafi. Ina yaro igiyar gugarmu ba ta wuce gaba huɗu ba, kuma ko a tsakiyar bazara rijiyar ba ta ba mu kunya. A bayan gidan akwai kududdufi, inda kakanninmu suka haƙi ƙasar da suka yi ginin. Yau an cike shi, ya zama shaguna da gidajen haya. Rijiyar kuwa daga Fabrairu sai taɓo, mutanen gida sun koma tsaron ƙofa suna jiran 'yan garuwa.

Cike kududdufin da ƙafewar rijiyar abu ɗaya ne. Kano a kan dutse take zaune. Abin da rijiya da burtsatse ke zuƙa ba wani kogi ba ne a can ƙasa, ruwan damina ne da ya tsattsafa cikin rubaɓɓen dutse da tsagoginsa ya kwanta. Daminarmu kuma wata huɗu ce, ruwan yakan sauko da ƙarfi lokaci guda. Idan bai sami wurin zama na kwanaki ba, ƙasa ba ta shan sa. Kududdufai ne wurin zamansa, sai tsakar gida mai rairayi da filayen unguwa. Mun cike na farko, mun shafe na biyu da siminti, na uku kuma an yanka filoti. Shi ya sa ruwan da ya ci gidaje a Agusta shi ne muke saya a jarka a Maris.

Maganin da muka samo wa kanmu shi ne burtsatse. Duk wanda Allah ya hore wa sai ya kira masu injin haƙa, su kuma maganarsu ɗaya ce: "Alhaji, sai an ƙara zurfi." Ya ƙara, rijiyar maƙwabcinsa talaka ta ƙafe.

Wasu sun riga mu gane cewa ana iya mayar da ruwa ƙasa da gangan. A 2003 jihar Tamil Nadu ta Indiya ta wajabta wa kowane gini tara ruwan rufinsa, mafi yawa ta hanyar rami mai tsakuwa da yashi da ke tura ruwan ƙasa. Ba sihiri ba ne, domin a 2019 Chennai, babban birnin jihar, ya sha ƙishirwa mai tsanani da madatsunsa suka bushe, wani ɓangare kuma saboda su ma sun cike tafkunansu da gine-gine. Kusa da mu, manoman jihar Tahoua a Nijar sun daɗe suna haƙa tassa da rabin wata, wato ƙananan ramukan tare ruwan sama, a fako, suna jera duwatsu a bakin ƙorama don ruwa ya rage gudu. Aikin farfaɗo da ƙasa na yankin Keita a jihar, da aka fara a 1984, a kan wannan ya tsaya.

Na san abin da za a ce, kuma gaskiya ne: kududdufan da suka rage sun zama bola, matattarar sauro da ruwan kwata, yara ma na faɗawa. Ruwan masai idan ya shiga ƙasa, fitar da shi ya fi ƙarfinmu, amai da gudawa ne zai biyo baya. To amma wannan hujjar yashe kududdufi ce da killace shi, ba ta sayar da shi ba. A cikin gida kuma ruwan indararo kaɗai za a tura, a bar ruwan farko ya wanke kwano ya wuce, ramin kuma ya yi nesa da masai.

Da ni ne KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar Kano, ba zan amince da zanen ginin da ke da burtsatse babu ramin mayar da ruwa ba. Zan fara da masu manyan rufi: masallatan Juma'a, makarantu, kasuwanni da masu sana'ar ruwan leda, waɗanda suke kwasa da yawa.

Daminar da ta wuce ƙanena ya fasa simintin wani lungu a gidanmu, ya haƙa rami iya tsayinsa, ya cika shi da tsakuwa, ya karkato indararo biyu ciki. Hajiya ta ce ɓarnar kuɗi ce. Ya ce mata ta bari sai Maris, a zura guga a gani.