Amanar fulawar uwargida

Ni manomi ne ɗan manomi. Tun ina shekara bakwai nake bin babanmu gona da 'yar fartanyata, kuma a ƙauyenmu da ke gefen Kura ba wanda zai ce ban san gero da dawa ba. Shi ya sa ranar da uwargida za ta tafi Gwarzo wajen ƙanwarta da ta haihu, ta tsaya a bakin ƙofa da mayafi a kafaɗa ta ce, "Baban yara, ga fulawata nan, don Allah amana," sai da na yi dariya. Na ce mata mutumin da ke cika rumbu duk shekara ai ba a yi masa bitar tsiro ɗaya a bokitin fenti.

Yayarta ce ta kawo mata ita daga birni, wajen masu sayar da furanni a bakin titi. Wai sunanta fis lili. Ganye ne dogaye, kore shar, masu sheƙi, lokaci-lokaci ta fito da wani farin abu mai kama da cokali. Ba a miya da ita, ba a magani da ita, yara ma an hana su tsinka don ganyen na sa ƙaiƙayin baki. Aikinta ta zauna a lungun ɗaki kusa da taga ana kallonta, kamar amarya a satin farko.

Lokacin hunturu ne, iska na busar da leɓe har ya tsage. Kwana huɗu na manta da ita sam. Ran na biyar na shigo na tarar ganyen duk sun zube a bakin bokiti, kamar kunnen tunkiyar Balami. Gabana ya faɗi. Na ɗebo moɗa guda na kwara mata. Kafin la'asar sai ga ta ta miƙe tsaye, ganye ya ɗago kamar ba abin da ya faru. A nan na ɗauki girman kai. Na ce ashe duk cutar fulawa ƙishirwa ce, kuma ni ne likitanta.

Daga ranar na kafa mata doka: duk alwalar da na yi, ragowar ruwan buta nata ne. Sau biyar a rana, ranar da na yi walaha sau shida. Yara ma suka ɗauka, kowa ya sha ruwa ya rage sai ya kai wa fulawar Umma. A ganina gata muke yi mata.

Bayan sati guda ganyen suka sake langaɓewa, na ƙasa har sun fara rawaya. Na ƙara ruwa. Ba ta tashi ba. Na ce to yunwa ce. Na shiga ɗakin ajiya na kwance ragowar buhun yuriya na damina, mai lamba 46 a jiki, na damƙo cikin hannu na barbaɗa mata kamar ina yi wa masara. Washegari bakin ganyen ya ƙone, ya yi ruwan ƙasa. Na ce ai sanyi ne ya kama ta, na fito da ita tsakar gida ta sha hantsi, na tafi majalisa, ban dawo ba sai bayan azahar. Abin da na tarar, ko rama da aka dafa don kwaɗo ta fi shi kyan gani.

Inna ta leƙo ta katanga, ta daɗe tana kallo, ta ce ita tun ranar da maƙwabciyarmu ta shigo ta ce "Kai, wannan fulawa da kyau take" ba ta ce tubarkalla ba, ta san za a rina. Kambun baka ne. Ta kawo garwashi a kasko da habbatussauda ta turara ta. Ban hana ba, don a lokacin ko cewa aka yi a kai ta asibiti zan nemi mai babur.

Kullum da dare kuwa waya na shigowa. Bayan an tambayi yara sai a ce, "Ya fulawata?" Ni kuma in ce, "Tana gaishe ki." Da ta ce ran Asabar za ta dawo, ni da bakina na ce ta ƙara sati, mai jego na bukatar hannu, zumunci kuma ibada ne. Ta yi ta sa mini albarka. Allah ya yafe mini.

Kawuna ne ya cece ni. Mai lambu ne a Kadawa, ya fi shekara 30 yana tumatir da ruwan Tiga. Ya biyo ta gidanmu daga Kwanar Gafan bayan ya sayar da kwandunansa. Bai tambaye ni komai ba. Ya tsuguna, ya tura yatsa cikin ƙasar bokitin, yatsan ya fito da taɓo har yana ɗiga. Ya kai hanci, ya kawar da kai.

"Ɗan nan, shinkafa ka dasa?"

Ya ɗaga bokitin ya leƙa gindinsa. Ko huda ɗaya babu. Duk ruwan alwalata na kwana goma yana nan kwance. Uwargida ashe da dabara take ba ta, ɗan kaɗan, sai ƙasa ta sha iska, shi ya sa ba ta taɓa samun matsala ba.

Kawu ya ce abin da ke ruɗin mutane shi ne, tsiron da ƙishi ya kama da wanda ruwa ya shaƙe duk iri ɗaya suke langaɓewa. Saiwa tana numfashi. In ƙasa ta cika da ruwa ba iska, sai ta ruɓe, ruɓaɓɓiyar saiwa kuma ba ta iya jan ruwa zuwa ganye. Tsiron yana tsaye cikin ruwa yana mutuwa da ƙishirwa, kai kuma kana ƙara masa. Ya ce a gona ƙasa ce ke rufa mini asiri, in na yi ɓarna ta shanye ta wuce da ita ƙasa, amma bokiti ba ya yafiya. Da na faɗa masa zancen yuriya, sai da ya cire hula ya sosa kai. Ya ce taki gishiri ne, in ya yi yawa a ɗan wuri shi ke tsotse ruwa daga saiwa. Batun rana kuwa, wannan tsiron asalinsa ɗan ƙarƙashin manyan bishiyoyi ne a dazuzzukan nahiyar Kudancin Amurka masu ruwa, haske yake so ba ƙuna ba. Na turaren Inna bai ce komai ba, yayarsa ce.

Muka zazzage ta a kan tsohon buhu. Wari ya tashi kamar kwata. Yawancin saiwar ta yi baƙi, ta yi laushi kamar taliyar da ta wuce wuta, kana ja tana saɓulewa. Kawu ya wanke ta tas, ya sa sabuwar reza ya yanke duk ruɓaɓɓun, ya bar 'yan farare masu ƙwari da ba su fi a ƙirga da yatsu ba. Ya datse ganyen da suka mutu. Ya sa na haɗa yashi da baƙar ƙasar gindin darbejiya da ɗan dakakken gawayi. Sai ya ce a kawo mazubi, in da hali na ƙasa, don yana shan iska ta jikinsa. Na ruga madafi, na ga wata tsohuwar tukunya kife a lungu, na ɗauko. Da ƙusa da dutse na yi mata huda uku a gindi, a hankali, ko tsagewa ba ta yi ba. Har Kawu ya yaba.

Kafin ya hau babur ya bar mini sharaɗi. Kada in ba ta ruwa sai na tura yatsa gaɓa biyu na ji ƙasa ta bushe, in na ba ta kuma in ba ta sosai har ya fito ta ƙasa. A janye ta daga bakin taga saboda iskar hunturu, a riƙa goge mata ƙura da jiƙaƙƙen tsumma. Taki kuwa, ya ce ko sunansa kada in ambata a gabanta sai ta yi sabon ganye.

Ranar da uwargida ta dawo, ganye huɗu suka rage, amma duk a tsaye. Na shirya jawabina tsaf, har da hunturun bana da ya fi na bara. Ta ajiye jaka, ta durƙusa, ta shafa ganyen ɗaya bayan ɗaya. Ba ta ce komai ba. Sai idonta ya sauka ƙasa kaɗan.

"Baban yara, wannan ba tukunyar miyar da kakata ta ba ni ranar kai ni ba ce?"

Tukwane uku na sayo zuwa yanzu, kowace ta ƙwanƙwasa ta ce ba irinta ba ce. Fulawa ta yi sabon ganye shekaranjiya. Ni kuma yau kwana tara a gidan Inna nake cin tuwon dare.