Ƙofar Amfilifaya Ma Tana Shan Wuta

A aji ana cewa ƙafafun da sigina ke shiga op-amp (ƙaramar amfilifaya mai ƙara ƙarfin sigina) ba sa jan lantarki. Sauƙaƙa lissafi ne kawai. Taransistocin ciki sai an ɗan ciyar da su da wuta: op-amp mai lamba LM741 yana jan kimanin nano-amfiya 80. Kaɗan ne, amma in ya ratsa risisto mai om miliyan 1, ga milibolt 80 na ƙarya nan, amfilifaya kuma ta ninka shi.

Abin ya fi cizo in ka sa kafasito a ƙofar shiga, babu risiston da zai ba wannan wutar hanya zuwa ƙasa, wato wayar "ground". Caji ya yi ta taruwa har siginar da ke fita ta maƙale, ka ɗora wa op-amp ɗin laifi a banza. Op-amp masu nau'in taransisto da ake kira FET, irin TL071, suna ja ƙasa da haka sosai, sai dai zafi yana ƙara wutar da suke ja.