Ƙaryar da ke jikin batirin tocilan goshi

Wai don Allah su wa ke rubuta lambobin nan a jikin batirin tocilan goshi? Ka sayi ta caji, ka buɗe bayanta, sai ka ga batirin nan mai lamba 18650 an dangwara masa 9900mAh da manyan baƙaƙe, wai yawan cajin da yake ɗauka ke nan. Ƙarya ce tsagwaronta. Batirin lithium mai wannan girman, ko na manyan kamfanoni ne, da ƙyar yake wuce 3500mAh. Ɗaga shi ma ka ji: na gaske yana kai giram 45, na bogi kuwa sakayau kamar karan dawa. Shi ya sa mai shayi zai wuni yana caji, ana idar da sallar Isha'i haske ya dushe, ya koma lalube yana neman canji.

Masu cin ƙananan batura uku, AAA, su ma da nasu ciwon kan. Mai arhar nan na zinc-carbon ba ya jure fitila mai haske sosai, in ka manta shi a ciki kuma ya yi ruwa ya cinye ƙarfen. Alkaline ya fi daɗewa, sai dai aljihu ne ke jin jiki.

Ni dai na tsaya kan wadda ake cire batirinta a sa wani, ina kunna ta a ƙaramin haske don ta kai ni asuba. Amma ita ma, kafin ka kashe ta sai ka bi ta kan walƙiyar nan mai kashe ido. Wa ya roƙe su walƙiya?