Gilashin roba a mota: ɓarawo za ka hana shiga, ko kanka za ka hana fita?

Akwai shawarar da ke yawo a tsakanin masu motoci a Abuja, a majalisa, a gareji, har a bakin masallaci bayan la'asar. Wai tunda ɓarayi sun matsa da fasa gilashin mota, a cire gilasan gefe gaba ɗaya a sa na roba, irin robar nan mai tauri da ko guduma ba ta iya mata. Masu wannan magana ba sakarkaru ba ne, mutane ne da aka ƙona wa rai. Duk wanda ya taɓa fitowa daga banki ko daga kasuwar Wuse ya tarar da ɓaraguzan gilashi a kan kujera, jaka ta tafi da kwamfuta da fasfo da takardun fili, ya san ɗacin da nake nufi. Kuɗin sabon gilashi ma ƙaramin abu ne a kan wahalar sake neman takardu daga wannan ofis zuwa wancan. Duk da haka ban yarda da shawarar ba, kuma ina roƙon duk wanda ta fara kwanta masa a rai ya karanta wannan kafin ya kai motarsa wurin makanikan Apo.

Gilashin gaba da na gefe ba iri ɗaya ba ne. Na gaba falle biyu ne aka manne da wata siririyar leda a tsakiya, shi ya sa in dutse ya same shi a hanyar Kaduna sai ya tsattsage amma ya tsaya a wurinsa. Wani Bafaranshe mai suna Édouard Bénédictus ne ya yi wa wannan dabara rajista tun 1909. Na gefe kuwa, a yawancin motocin da muke hawa, falle ɗaya ne da aka gasa a zafin da ya haura digiri 600, sannan aka busa masa iska nan take. Wannan ke sa bayansa ya ɗaure tamau, ya ninka gilashin tagar gida ƙarfi sau huɗu zuwa biyar. Ƙato zai iya kai masa naushi bai ko motsa ba. Amma da zarar abu mai tsini da tauri ya huda wannan fata ta waje, ko da ɗigo ne, sai gilashin ya ruguje gaba ɗaya ya zama ƙananan tsakuwoyi. Ɓarayi sun san haka sarai, shi ya sa aikin ba ya ɗaukarsu fiye da 'yan daƙiƙu, kuma maigadin da ke ƙofa sau da yawa ba ya jin komai.

To wannan rugujewar ba kuskuren kamfani ba ce. Da gangan aka yi shi haka, don kada ya tsage ya zama wuƙaƙe a jikin fasinja ranar haɗari, kuma don ya kasance akwai hanyar fita in ƙofa ta ƙi buɗuwa. A nan ne maganata take.

Mu da ke zaune a garin nan mun san abin da damina take yi. Mun ga Lokogoma, mun ga Lugbe, mun ga motoci ruwa ya shanye su har rufi. A watan Agustan 2019 ambaliya ta tafi da wani darakta na Babbar Kotun Abuja a shataletalen Galadimawa, bayan motarsa ta maƙale a cikin ruwa. Ba a daji ba, a tsakiyar babban birnin ƙasa. Idan mota ta faɗa ruwa, nauyin ruwan da ke waje yana danne ƙofa yadda ko ƙarfinka ya kai ina ba za ka tura ta ba. Gilasan yanzu kuma galibi na lantarki ne, in ruwa ya kai ga wayarin sai maɓalli ya mutu. Abin da ya rage maka kusan minti guda ne da kuma gilashin da za a iya fasawa. Ka ɗauka matarka ce a sitiyari da yara uku a baya, a kan hanyar dawowa daga Islamiyya, ga samari sun taru a bakin kwalbati da duwatsu a hannu suna ta dukan taga, taga tana lanƙwasa tana dawowa. Robar da ka biya kuɗi aka sa don ta gagari ɓarawo, ita ce za ta gagare su.

Haka in wuta ta tashi, haka in mota ta kife a titin Kubwa ko hanyar Lokoja ƙofofi suka lotse. A ƙasar nan wa yake fara isa wurin haɗari? Kafin jami'an kiyaye haɗurra ko 'yan kwana-kwana su ratso cunkoso, 'yan acaɓa ne da masu tallar ruwa da direbobin da ke wucewa suke ciro mutane, kuma makaminsu bai wuce jak da sifana da dutsen gefen titi ba. Babu mai zarton lantarki a cikinsu. Sannan ga yara da ke kulle kansu a mota. A Disambar 2021 an tsinci gawarwakin yara takwas a cikin wata mota da aka ajiye a yankin Badagry ta jihar Legas. Allah Ya kiyaye mana zuri'a. A zafin Maris na Abuja, mota a rufe a rana ba ta buƙatar dogon lokaci kafin cikinta ya fi ƙarfin numfashin yaro, kuma in mai wucewa ya hango shi, dutse guda ne tsakaninsa da rai.

A 2019 ƙungiyar masu motoci ta Amurka, AAA, ta gwada na'urori shida da ake sayarwa don fasa gilashi lokacin gaggawa. Huɗu sun fasa gilashin gefe irin wanda muka saba da shi. Babu ko ɗaya da ta ratsa mai falle biyu. Wannan fa gilashi ne, wanda aƙalla yana tsagewa. Robar da ake magana a kai ko tsagewar ba ta yi.

Sunanta polikabonet. An gano ta a 1953, a kamfanin Bayer na Jamus da General Electric na Amurka kusan lokaci guda, kuma ana sayar da ita da sunaye irin su Makrolon da Lexan. Da ita ake yin garkuwar 'yan sandan kwantar da tarzoma da faifan CD da gilashin ido. Nauyinta kusan rabin na gilashi ne, kuma wajen jure duka babu haɗi. Ban musa ko ɗaya ba. Amma wanda yake son ya ga yadda take tsufa a ƙasarmu ba sai ya yi nisa ba, ya fita ya duba fitilun gaban motarsa. Murfin nan da ya koma ruwan ɗorawa, ya yi hazo har haske ba ya fita sosai da dare, wanda yara a Apo suke gogewa da sanfefa da man goge fenti, bayan 'yan watanni ya sake dishewa, to polikabonet ne. Kuma wannan kamfani ne ya yi shi, ya shafe shi da maganin kariya daga rana, kuma ba ya hawa ba ya sauka.

Taga kuwa kullum cikin hawa da sauka take, tana gogar robar bakin ƙofa. Da hunturu ƙura tana cika wannan bakin, kowace ɗagawa sai ta bar zane a tsaye. Ƙara da tsumman mai wankin mota, wanda ya gama goge taya ya dawo kan taga. Fetur in ya taɓa ta yana ɓata ta, wasu ruwan goge gilashi ma haka. Kafin shekara ta zagayo, in ka zo shiga babban titi da dare ka waiga, fitilun motoci za su watsu a tagar su zama haske guda, ba ka iya gane mai nisa da na kusa, madubin gefe ma ta cikinta kake kallonsa. Sannan zafi yana buɗa ta kusan sau bakwai fiye da gilashi, don haka wadda aka yanka daidai da safe tana iya cijewa da azahar, injin ɗaga gilashi ya yi ta kuka har ya ƙone.

Na zauna da wani mai haɗa gilashin mota a Apo, dattijo ne, yana kankare tsohon gam daga ƙofar wata Corolla muna hira. Ya ɗaga gilashin ya nuna mini ta gefe, ya ce, “Alhaji, duba nan, ka ga a lanƙwashe yake? Robar da za ka sayo a kasuwar Dei-Dei a miƙe take. Sai an yi mata ma'auni an gasa ta, in ba a busar da ita ba kafin gashi duk ta yi ƙuraje. Wa yake da wannan injin a nan?” Ya ce in aka sa mai kauri ba za ta shiga layin ƙofa ba, in aka sa siririya kuma mutum zai zura sukundireba ta sama ya lanƙwaso ta ta fita daga layin. Abin da ya fi tsorata ni a zancensa shi ne wasu za su karɓi kuɗin polikabonet su sa maka robar allon talla, wadda ake yanka haruffan shago da ita. A ido kusan iri ɗaya ne. Waccan kuwa tana fashewa, kuma manyan ɓaraguzai take yi. An sayar da kare an sayi biri ke nan.

Wani zai ce ai motocin tsere a Turai da ita suke amfani. Gaskiya ne. Amma direban tsere yana sanye da hular kwano da rigar da wuta ba ta saurin kamawa, ga masu ceto a tsaye a kowace kwana da kayan aikinsu. Wani kuma yana ɗauka robar za ta tare harsashi. Ba za ta tare ba. Gilashin motar sulke falle-falle ne masu kaurin da ya ninka na taga sau da yawa, har sai an sake ƙarfafa ƙofar kafin ta ɗauke shi. In ɗan fashi ya ƙwanƙwasa maka taga da bindiga a cunkoson Nyanya, robar ba abin da za ta ƙara maka sai fushinsa.

Ɓarawon da ya ƙudura kuma ba taga kaɗai ya sani ba. Masu cire birenbos, wato kwamfutar injin mota, da batir da madubin gefe a unguwanni da dare, da yawansu ta makullin ƙofa suke shiga. Ka hana shi taga, ya ɓalle maka hannun ƙofa, gyaran ya fi na gilashi tsada.

Abin da ke kiran mai fasa gilashi ido ne. Yana zagaya wurin fakin yana leƙe, jaka a kujerar baya, ambulan a kan dashbod, wayar caja a rataye da ke nuna akwai waya a kusa. Ko ledar da ba komai a ciki sai takalmin yaro, shi bai sani ba, zai fasa ya gani. Wasu kuma tun daga cikin banki ko wurin 'yan canji suke biyo mutum, su jira ya tsaya sayen tsire ko ya shiga sallah. Don haka wanda ya ɗauko kuɗi ya wuce inda za shi kai tsaye, ko ya yi taransfa ya huta. Wanda zai sa jaka a but ya sa tun daga gida, ba sai ya iso wurin fakin ya buɗe but a gaban jama'a ba. Ranar Juma'a da wurin ɗaurin aure da gidan biki, inda motoci suke jeruwa kowa hankalinsa na wani wuri, a nan aka fi yin ɓarna, kuma kwamitocin masallatai da suke sa 'yan agaji su zagaya layin motoci lokacin huɗuba suna aikin lada ba ƙarami ba. In mutum ya rufe da rimot, ya ja hannun ƙofa ya tabbatar ta kullu kafin ya juya baya.

Akwai ledar kariya fara da ake mannawa ta cikin gilashi. Gilashin zai fashe amma ledar ta riƙe ɓaraguzan, ɓarawo ya ɓata lokaci, kuma lokaci ne abin da ba shi da shi. Ta fi roba sauƙin haɗari nesa ba kusa ba, sai dai ita ma tana jinkirta mai ceto, don haka ni ba zan sa ta a dukkan tagogi ba. A kula kuma kada a sa mai duhu, domin dokar hana baƙin gilashi ta 1991 tana nan, kuma 'yan sanda sun sake taso da maganar takardar izini a 2025. Inshorar dole da muke biya, wadda ta tashi daga naira 5,000 zuwa 15,000 a farkon 2023, ta wanda ka yi wa ɓarna ce, ba ta biyan gilashinka. Mai son a biya shi sai ya yi cikakkiya, ya kuma karanta takardar da kyau.

Ina jin zafi in na tuna dalilin da ya sa har muka kai ga wannan tunani. A 2010 gwamnatin tarayya ta ba kamfanin ZTE na China kwangilar dala miliyan 470 don tsarin sadarwar tsaro, ciki har da kamarori a titunan Abuja, mafi yawan kuɗin kuma bashi ne. A 2023 sai da kotun tarayya ta umarci gwamnati ta yi bayanin yadda aka kashe bashin. Da kamarorin nan suna aiki yadda aka alkawarta, da mai fasa gilashi a Wuse ko Garki ya san fuskarsa tana wani wuri a ajiye. Masu manyan shaguna da ke karɓar kuɗin fakin su kafa allo cewa ba ruwansu da abin da ya sami motarka, su ma ya kamata a tambaye su kuɗin na mene ne. Kuma duk wanda aka fasa wa mota ya daure ya je caji ofis ya shigar da ƙara, ko da ya fid da rai da kayan, domin unguwar da ba a kai rahoto ba a takarda lafiya lau take.

Yau in ka fita, duba kusurwar ƙasa ta kowace taga, akwai ɗan tambari. In ka ga an rubuta “Tempered”, wannan zai ruguje in an buge shi da tsini. In “Laminated” ne, mai falle biyu ne. Binciken AAA ɗin nan ya ce kusan ɗaya cikin uku na motocin ƙirar 2018 a Amurka suna da irinsa a gefe, kuma su ne yanzu suke shigo mana a matsayin Beljiyam. Sau da yawa na ƙofofin gaba ne kawai masu falle biyu, na baya kuma irin na da. Ka san wace taga ce za ta fashe a motarka, ka nuna wa uwargida da direba da babban yaronka. Ka sayi ƙaramar na'urar fasa gilashi mai sifirin, wadda take haɗe da rezar yanka bel, domin a gwajin ita ta fi mai kama da guduma aiki. Kada a jefa ta a but, a ɗaure ta kusa da giya inda hannun direba zai kai ko da mota ta kife, kuma a kusurwar gilashi ake danna ta, ba a tsakiya ba.